Kati Biyu, Hannu Biyu

Shekara goma sha tara ina sayar da ƙanƙara a shagon da ke jikin na Tela, bango ɗaya ya raba mu, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya kai ruwan sanyi bakinsa ba. Cewa yake yana kama masa maƙogwaro. Shi ya sa ranar da ya leƙo ya ce in ɓalle masa 'yar ƙanƙara, na ɗauka dutsen guga ne ya lashe masa yatsa. Na ɓalla na miƙa masa. Sai ya jefa ta a baki ya hau tauna, garas-garas, har ni mai kallo sai da haƙorana suka amsa.

Washegari ya dawo. Kafin wata ya ƙare ya zama sau shida, sau bakwai a wuni, da wani jan kofin roba a hannu. Wadda ta fara narkewa ba ya so, sai ta can ƙasan firiza, mai taurin da sai na sa guduma. In aka ɗauke wuta ya fi ni damuwa. Ni da kayana ke narkewa ina zaune, shi yana zarya yana leƙa ƙwan fitilar shagona.

Sai kuma ƙafa. In yana taka keke da sauƙi, amma da zarar ya zauna aikin hannu, sa maɓalli ko kalmasa, sai in ji kujera ta yi ƙara ta bayan bango. Ya fito, ya taka har gindin turken wuta, ya dawo, ya zauna, minti biyar ya sake miƙewa. In muka zauna a benci da la'asar, gwiwarsa ta dinga rawa ke nan har shayina ya zube. Na tambaye shi ko ciwo take yi. Ya ce ba ciwo ba ne, ba kuma ƙaiƙayi ba, kamar kiyashi ne ke yawo a cikin ƙashin ƙwaurinsa, ba sa lafawa sai ya tashi ya yi tafiya.

Bakaniken da ke ƙarshen layinmu ya yanke hukunci tun da wuri, ya ce ƙwaya ce, tsufa ya zo wa Tela da gardama. Na ce masa ya iya bakinsa. Kafin in zauna wuri ɗaya na yi yaron mota, na yi dako, na kwana a tasha ba iyaka, 'yan ƙwaya kuwa na san su kamar tafin hannuna. Idonsu ja yake yi. Na Tela fari ne fat, leɓɓansa sun koɗe, matakala uku ta ƙofar shagonsa in ya hau sai ya tsaya yana haki. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne marigayiya matata, lokacin tana da cikin ɗanmu na biyu. Ita ma haka ta dinga taunar ƙanƙara, ungozoma ta ce ƙarancin jini ne.

Na ce masa, "Maƙwabci, wai wata nawa ne cikin?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki kofinsa ya fita. Tela kuwa mutum ne da in ka tsokane shi da ɗaya sai ya rama da uku.

Yana da 'ya, Auta, shekararta ashirin da ɗaya, mai sikila ce. Bara ta yi wani ciwo da ya so ya shanye mata ɓarin jiki, Allah ya taƙaita, amma daga nan likita ya ce duk sati shida sai an ƙara mata jini don kada abin ya dawo. Dokar asibitin kuwa leda ce a madadin leda: kafin a ɗaura mata, sai wani nata ya bayar an kawo takardar shaida. Duk layinmu mun san da wannan. Da farko wasu sun ce za su je, ya yi godiya, ya ce dangi sun ɗauke nauyin. Ni ban matsa ba, kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Ba abin da nake tsoro a duniya kamar allura. Shekara talatin rabona da ita, ko ciwo ya kayar da ni sai in ce a ba ni na haɗiya.

Ranar wata Litinin da hantsi, sai ga Maman Auta da kwano a rufe. Ta saba kawo mini haka jefi-jefi, ni kuma na ɗauka tausayin gwauro ne. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye kwanon a kan firiza, ta ce nama ne da hanta, in daure in cinye, tun da ranar Alhamis layi ya sake zagayowa kaina. Ta ce wannan ne karo na huɗu da zan ba Auta jinina, ba su da bakin gode mini, kuma Baban Auta ya gaya musu ba na son a yi zancen, shi ya sa suke kama bakinsu. Ta tambaye ni ko ina jin jiri bayan an ɗiba.

Na daɗe a kasuwa, fuskata ba ta tona ni. Na ce mata ba komai, ai Auta 'yata ce. Ta tafi tana sa mini albarka. Na zauna ina kallon kwanon. Ashe wata da watanni ina cin ladan aikin da ban yi ba, har ina suɗe yatsa.

Na shiga shagon Tela na ja ƙofa. Yana tsaye yana yanka yadi, ƙafa ɗaya tana bugun ƙasa. Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata in gani tuntuni: duk zafin da ake yi, rigunan da ya ɗinka wa kansa a bana masu dogon hannu ne, da maɓalli a wuyan hannu. Na ce ya naɗe. Ya ce me ya faru. Na ce matarsa ta kawo mini hanta.

Ya ajiye almakashi. Ya naɗe na hagu, ya naɗe na dama. A lanƙwasar kowane hannu ga tabon allura nan reras, na hagun ma da sauran shatin jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata, ya koma ruwan ɗorawa. Ya jawo aljihun keke, ya tono kati biyu daga cikin zare da allurai. Ɗaya na asibitin da Auta ke zuwa, ɗaya na cibiyar ajiyar jini da ke can ɗaya gefen gari. Kowanne an rubuta a jikinsa sai bayan wata uku a dawo. Wuraren biyu ba sa duba littafin juna. A asibiti ya ba da hannun hagu, bayan sati shida ya je cibiya ya ba da na dama, ya karɓo takarda ya kawo. Kowa a cikinsu yana ganin mutum mai bin doka. A gida kuwa ya ce na cibiya ni ne nake bayarwa, don kada hankalinsu ya tashi. Sau bakwai ke nan cikin wata goma. Yana yi mini bayanin har da ɗan alfahari, kamar wanda ya fitar da riga da wando daga yadin da bai isa ba.

Na tambaye shi me ya hana shi neman mutane, ga mu nan layi guda.

Ya ce, "Yaya, tun tana goye likita ya gaya mini rabin ciwon nan daga jikina ta ɗauko shi. Ni na ba ta marar kyau, ni zan ba ta mai kyau. Ba za a ɗura wa 'yata jinin mutumin da ban san halinsa ba."

Na ce to jinin da ya rage masa ai ko sauro ba zai ƙoshi da shi ba, kuma yanzun nan zan je in gaya wa matarsa. Ya tare ƙofa. Ya ce in bari Alhamis ta wuce, an riga an ba Auta lokaci, in takarda ba ta isa tagar asibiti kafin sha biyun rana ba sai a ɗaga ta zuwa wani satin, kuma na san abin da likita ya ce a kan jinkiri. Na ce na ji, amma ƙafata ƙafarsa ranar Alhamis.

Talata da Laraba ba wanda ya yi aikin kirki a cikinmu. Na mayar masa da kwanon hantar na tsaya a kansa har ya cinye. Ya sayo lemon kwalba mai duhu har guda huɗu, wai yana ƙara jini. Ya ɗinka hannun wata riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinkawa a baibai. Ni kuma na ba wata mata ƙanƙara ta tafi, sai daga baya na ga na bar firiza a buɗe. In na ji kujerarsa ta motsa sai in ga ni ma na miƙe. Bakanike ya wuce ya gan mu muna zarya, ɗaya ya nufi turke ɗaya yana dawowa, ya ce ashe abin har ya fara yaɗuwa.

Alhamis ƙarfe tara muka hau mota. Cunkoso ya riƙe mu, ba mu isa cibiyar ba sai goma saura. Ɗaki ne mai benci uku da fanka mai kuka, da kujeru biyu irin masu kwanciya, da wani babban firiji a lungu yana gurnani kamar nawa. Mutum huɗu ne a gabanmu. Tela ya kasa zama. Ya je ya karanta takardun da ke manne a bango, ya dawo, ya duba agogo, ya buɗe ɗan fulas ɗin da ya cika da ƙanƙarata ya jefa ɗaya a baki.

Sistar da ke ɗiba mace ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Ta san shi, har ta ce Baba an dawo. Ta soki yatsarsa, ta ɗiga jinin a wani ɗan inji, ta dubi lambar. Ta goge tabarau ta sa, ta sake sokar wata yatsar. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa. Shi kuwa bai ma san yana tauna ba, garas-garas, a gabanta. Ta tambaye shi tun yaushe ya fara cin ƙanƙara. Ya ce zafi ne ake yi. Ta dubi gwiwarsa da ke rawa, ta tambaye shi ko ƙafafun suna barinsa ya zauna lafiya. Sai ta ce ya naɗe ɗaya hannun.

Ya juyo ya dube ni. Na ce, "Nuna mata, Maƙwabci."

Da ta ga tabon, sai ta jawo kujera ta zauna. Ba ta yi faɗa ba, na so ma a ce ta yi. Ta ce ruwan jini kwana ɗaya biyu ya dawo, shi ya sa mutum ke ganin kamar ya warware, amma akwai sinadarin ƙarfe da jiki ke ajiyewa yana haɗa jini da shi, shi kuwa sai ya yi watanni kafin ya taru. Ta ce shi ya yi ta kwasa har ya kankare gindin tukunya. Taunar ƙanƙara, da rawar ƙafa, da haki, duk kukan jiki ne. Ko ɗigo ba za ta ɗiba ba. Za ta rubuta masa takarda ya ga likita, zai sha magani, kuma wata shida a ƙalla kada ya kusanci allurar kowa, za ta kuma buga wa asibitin waya su sani.

Tela ya shiga roƙo. Ya ce ta ɗebi rabin leda. Ya ce ta ɗiba yau kaɗai, ya rantse ba zai ƙara ba. Ya nuna mata agogo, ya ce 'yarsa na can kwance tana jira, kuma jininsa kaɗai jikinta ya sani, ba a taɓa sa mata na wani ba.

Sista ta dube shi ta saman tabarau. Ta ɗauki katinsa ta juya bayansa, ta sa yatsa a kan wasu haruffa biyu.

Ta ce, "Baba, wa ya gaya maka naka ake sa mata? Kai kana ɗauke da rabin sikila. Jininka lafiyarsa ƙalau, ya taimaki mutane, amma ba a sa wa mai sikila irinsa. Kuma kowace leda sai ta yi kwanaki ana gwaji kafin ta fita. Naka madadi ne kawai. Ko sau ɗaya bai shiga jikin 'yarka ba."

Na ga mutane da yawa an gaya musu maganar da ba su shirya ji ba, amma ban taɓa ganin wanda ya rasa inda zai sa jikinsa kamar Tela a ranar ba. Ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya je taga, ya kama ƙarfenta, ya saki. Ya buɗe fulas, ya rufe. Ya tambaye ta to jinin wa aka yi ta sa mata duk wata goman nan. Ta ce na mutane, ita ma ba ta san su ba, lamba ce kawai a jiki.

Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata. Takarda dai ba ta samu ba. Ni ban san lokacin da na fara naɗe hannun rigata ba, na dai ji bakina yana tambayar Sista ko ana karɓar na ɗan shekara hamsin da tara. Ta ce in hau sikeli. Ta yi mini tambayoyi, ta soki yatsata, sai da na ambaci sunan Allah. Ta dubi lambar ta ce nawa kam har da na kyauta.

Allurar da ta fito da ita ta kusa kai wadda ake ɗinkin buhu da ita. Na kafa ido a silin, na ƙirga fukafukan fanka, na yi ta matsa 'yar ƙwallon robar da ta damƙa mini. Minti goma aka yi, na ji kamar an yi wuni. Da ta cire ta manna auduga da filasta, ta ce in kwanta kwata guda kafin in motsa, ta juya tana rubuta takarda. Na dubi agogo, na tuna cunkoson hanya, na ce ai ni garau nake. Na diro.

Taku biyu na yi. Kunnuwana suka ɗauki ƙara, wani gumi mai sanyi ya keto mini, miyau ya cika bakina, ɗakin ya tsuke kamar ina leƙe ta cikin bututu. Da na buɗe ido ina ƙasa, ƙafafuna a kan kujera, ƙanƙarata a wuyana tana narkewa cikin riga. Tela na durƙushe a kaina yana yi mini fifita da katunan nan biyu.

Ya ce, "Yaya, sau uku ka bayar a lissafin gidanmu ba ka taɓa faɗuwa ba, sai yau?"

Sista ta tsare ni sai da na sha lemo na ci biskit, ta ce yau kada in ɗaga ko bulo ɗaya na ƙanƙara, in yi ta shan ruwa, kuma hannun zai yi shati saboda faɗuwar da na yi a kansa, kada in tsorata. Muka ɗauki tasi. Duk hanya Tela na gaba yana nuna wa direba lungunan da zai bi, ni ina baya na jingina kai da gilashi. Sha biyu saura minti shida ya tura takardar ta tagar asibiti.

Ɗakin da Auta take a hawa na biyu ne. Mun hau matakalar kamar tsofaffin da suka shekara ɗari, shi yana haki, ni ina dafa bango. Muka tarar da ita zaune a gado da littafi a cinya, uwarta a gefe. Ta gaishe ni, ta ce sannu Baffa, Allah ya saka. Sai idonta ya sauka a hannuna. Yarinya ce mai kaifin ido. Ta ce ikon Allah, duk bayarwar da nake yi, yau ne karo na farko da ta taɓa ganin filasta a jikina. Na ce da can fatar tana da ƙarfi, yanzu ne tsufa ya kama ta. Ta yi murmushi, amma ba ni take kallo ba, ƙafar ubanta take kallo.

Aka kawo ledar aka rataye. Tela ya matsa kusa, ya ɗaga kai yana karanta abin da ke jikinta, leɓɓansa suna motsi. Ba suna, sai lamba da kwanan wata na kwana tara da suka wuce. Ya tsaya yana bin jinin da ido yana gangarowa ta siririn bututu har ya shige hannun 'yarsa. Maman Auta ta ce ya zauna mana. Ya ce in sun koma gida akwai maganar da zai gaya mata, doguwa ce, kuma ta ajiye masa kwanon hanta daga yau, ni na ci rabona.

Muka fito muka zauna a kan matakala. Na ce masa to ga lissafin da ke gabanmu. Sati shida kamar gobe ne. Ni sai bayan wata uku, shi sai bayan shida, in ma an yarda. Na fara ƙirga masa shagunan layinmu da yatsa: mai walda, mai gyaran waya, mai aski da ƙanensa, Bakanike.

Ya ce, "Ban da Bakanike. Baƙin hali gare shi, ga bakin tsiya."

Na ce, "Ai ba jikinta zai shiga ba."

Gwiwarsa tana ta bugun tawa. Can ya ce to ita wannan ledar da ke rataye, wa ya san ko ta wani bakaniken ce. Na ce ba mamaki. Ya shafa lanƙwasar hannunsa, sannan ya ce in sa Bakanike a lissafin, amma ni zan yi masa magana, shi ba zai iya ba tukuna.

Ya buɗe fulas ya leƙa. Ƙanƙarar duk ta ƙare a wuyana, sai ɗan ruwa a ƙasa. Ya girgiza shi, ya rufe, ya miƙe. Na ce ina kuma zai je. Ya ce zai nemo tagar da ake yankar katin ganin likita, in zauna in jira shi, kada in sake in tashi. Na bi shi da kallo yana sauka, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, takardar da Sista ta rubuta masa a ɗayan.